Rabin Kan da Na Zo da Shi Daga Jos

Tun da na dawo daga Jos ba ku bar ni na huta ba. In na fito daga masallaci, "Mushe Habu, yaya Nijeriya?" In na zauna gindin dogon yaro a ƙofar lakwal inda nake koyarwa, "Mushe, wai da gaske ne an so a kashe ka?" Shi kuwa Lawali, da ba ya rabuwa da neman magana, yawo yake yana cewa wai gunki na sayo na kawo wa 'ya'yan mutane. To, yau zan faɗa sau ɗaya, daga fari har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, sai ya sayo mini goro.

Kun san Ingilishi nake koyarwa a nan Damagaram, shi ya sa kuke kirana Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta da Faransanci, kun kuma san yadda na koye shi: a littafi, a bakin wani Bafaranshe wanda shi ma a littafi ya koya. Da sufeto ya zo ya zauna a bayan ajina, ya jira sai da yara suka fita. Sannan ya ce, "Mushe, rubutunka ba laifi. Amma abin da ke fita daga bakinka, ko haifaffen Ingila ne ya zo sai an nemo masa tafinta." Shi ne ya sa ni cikin waɗanda za a tura Jos a dogon hutu, a gyara mana baki.

Ni ban ƙi ba, Inna ce ta ƙi. Na iske ta tana tankaɗe, na gaya mata, sai ta ajiye rariya. Ta ce ta ji daga bakin mata masu fatauci cewa in ka wuce Kano akwai masu yanke kan mutane su yi tsafin kuɗi da shi, kuma baƙo suka fi so, wanda ba mai nemansa. Na ce, "Haba Inna, gwamnati ce fa ta aike ni." Ta ce, "Gwamnati ce ta haife ka? Ni ba ruwana da Ingilishinka. Ka dawo mini da kanka a bisa wuyanka, shi ke nan abin da na roƙe ka." Ta ɗauro mini kilishi, ta ba ni wani farin yadi mai kauri don in riƙa naɗawa, tunda an ce sanyin Jos ba ya wasa. A gabanta na yi dariya. Amma wallahi maganar ta shiga mota tare da ni.

Har Matamaye ba abin faɗa, sai zafi da tsayawar mota. A kan iyaka, Kwangwalam, 'yan duwan namu, wato kwastan, ba su ɓata mini lokaci ba. A ɓangaren Nijeriya ne wani jami'i mai gashin baki ya dubi takarduna ya ce, "A'a, malamin Turanci ne!" Ku lura, mu in an ce Turanci Faransanci muke nufi, su kuwa Ingilishi. Sai ya sako mini shi kamar ruwan sama. Wallahi ko kalma ɗaya ban kama ba. Na tattaro nawa na mayar masa, shi ma ya tsaya yana kallon bakina. Daga ƙarshe ya buga hatimi ya ce da Hausa tsantsa, "Allah ya ji ƙan yaran Damagaram. Wuce."

Na kwana Kano a gidan wani ɗan garinmu mai sayar da fatu, da safe ya sa ni a fijo mai zuwa Jos. Kai jama'a! Direbobin can kamar sun ajiye wani rai a gida. Ga mushen motoci a gefen hanya, wata ta kife, wata ta ƙone, ba mai ko waiwayarsu. Kusa da ni wani Alhaji ne dillalin shanu, mutumin kirki, ya ba ni dabino, ya ba ni goro, sannan ya ƙarasa abin da Inna ta fara. Na tambaye shi ne a wasa ko gaskiya ne zancen masu yankan kai. Ya gyara zama. Ya ce kwanan baya ma an kama wani a wata tasha da ƙunshi, aka ce kan mutum ne, kafin 'yan sanda su iso an gama da shi da duwatsu. Ya ce, "A nan ba a jiran alƙali, Malam. Mutum ɗaya zai yi ihu, shi ke nan." Na ce, "In kuma ba shi ba ne fa?" Ya tauna goronsa ya ce, "Sai Allah ya ji ƙansa."

Muka yi ta hawa, iska ta canza, ruwa ya tsuge. Jos garin duwatsu ne, wani kan wani kamar hannu ne ya jera su, ga sanyi a tsakiyar damina. Na fito da yadin Inna na naɗe kai da wuya. Wuyan nan kuwa ba don sanyi kaɗai na rufe shi ba.

A makarantar aka ce ɗakunan kwana sun cika, sai wani masinja ya raka ni Anguwan Rukuba, inda aka ce akwai mai ɗakin haya. Unguwar Kirista ce, amma kowa Hausa yake yi a titi. Muna karya kwana na ga wasu dogayen akwatuna jere a ƙarƙashin rumfar kwano, masu sheƙi, da mariƙai a gefe. Na ce wa masinja, "Kayan lefe ne?" Ya ce, "Na gawa ne. Nan ne masaukinka." Innalillahi! Mu da muka saba a yi wa mamaci wanka, a sa shi a likkafani, a ɗora a makara, kafin rana ta juya an rufe. Su kuwa sai su ajiye gawa kwana da kwanaki, su sa mata kwat da takalmi, su kwantar da ita cikin akwati mai shimfiɗa kamar za ta yi tafiya a jirgi.

Mai gidan ya fito da zarto a hannu. Benedi sunansa, Ibo ne, kafinta, ƙato, da wani tabo da ya taso daga girarsa har kunne, ga wushirya. Ya dube ni daga sama har ƙasa a hankali. Ni dai a zuciyata na ce shi ke nan, awona yake ɗauka. Ashe mamaki yake yi yadda mutum zai naɗe kai kamar Buzu a cikin ruwan sama. Matarsa ce ta cece ni daga tsayuwar, wata gajeruwa mai ƙarfi da ake kira Mama Ngozi, tana sayar da abinci a Tina Janshin, wata mahaɗar hanya mai cike da motoci da 'yan talla. Hausarta irin ta Jos ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce, "Malam, ki shigo, ɗakinka tana nan." Na shiga, na tura jakata bayan ƙofa, na ƙara da kujera.

Abinci ma sai da muka sha fama. Ta kawo mini teba, wato tuwon garin rogo, da miyar agushi da nama a kai. Na tuna abin da ake faɗa game da naman da ake ci a can, na ce cikina ne ba lafiya. Haka na yi ta zama kan kilishin Inna da burodi da shayi, har kilishi ya ƙare. Ita kuwa tana kallona. Rannan da hantsi sai ga ta da wani mahauci Bahaushe, da wuƙarsa da jini a riga, ta jawo shi har ƙofar ɗakina. Ta ce, "Ga shi nan. Ka tambaye ta wa ya yanka." Mutumin ya ce, "Malam, ni na yanka da bismillah, sa ne, don Allah ka ci ta bar ni in koma kasuwa." Kunya ta kama ni, na ci. Teba ba a taunawa, haɗiya ake yi. Wanda ya tauna kuwa zai kwana yana ɓamɓaro ta daga haƙori, ni shaida ne.

Yanzu ga zancen abin da Lawali ke kira gunki. Malaminmu Mista Pam ne, ɗan asalin duwatsun nan, ya yi karatu a Ingila, siriri mai sanyin magana. Ya ce mu Hausawa wasulanmu biyar ne, a ja su ko a taƙaita. Na Ingilishi kuwa sun ninka haka, kuma kunnen da bai saba ba ba ya rarrabe su, sai ido ya taimake shi. Sai ya buɗe kabad ya fito da rabin kan mutum, an tsaga shi daga goshi har haɓa, ga harshe, ga ganda, ga maƙogwaro duk a fili. Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ajin ya kwashe da dariya. Na farar ƙasa ne, an shafa masa launi.

Amma fa abin yana aiki. Ya tura harshen gaba ya ɗaga shi sama, muka ji wasalin da ke fita. Ya ja shi baya ya kwantar, wani daban ya fito. Abin da na shekara ina lalube a littafi, sai ga shi ina gani da idona. Akwai kuma zare a haɓar. Ya ce kowace kalmar Ingilishi tana da gaɓa guda da ake dannawa, a nan baki ya fi buɗewa, sauran a bi ta kansu a guje. Ya ce in faɗi sunan ayaba da Ingilishi. Na ce, "banaNA." Ya ce, "Ka ji aikin Faransanci. Ku kullum a wutsiya kuke ɗora wa kalma kaya." Ya ja zaren, haɓa ta faɗo a tsakiya: "baNAna." Sannan ya ce kowa sai ya ƙera nasa kan da zai koma da shi gida, kuma da shi zai koyar a gaban yara ranar ƙarshe.

Sauran malamai da kwali suka yi. Nawa kwalin laimar Jos ta sa ya yi laushi, haɓar ta saki. Ina tsakar gida ina fama da shi Benedi ya zo ya tsaya a kaina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, wannan ba kai ba ne, fanke ne. Bari in yi maka na katako." Sai ya tsaya a rana ta gefe, inuwarsa ta faɗa kan allo, ya ce in bi ta da fensir. Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma mutumin yana alfahari da hannunsa. Ya sassaƙa hanci irin nasa, ya tsaga tabon nan daga gira har kunne, ya jera haƙoran ƙashi har da wushirya, ya manna baƙar fatar akuya a matsayin gashi. Harshen na jar robar tayar mota ne, haɓar kuwa da ƙarfen murfin akwatin gawa ya haɗa ta. Da ya gama, ko uwar da ta haife shi ta gani sai ta ce Benedi ne.

Kullum da safe ina tsakar gida ina gwaji da shi, Mama Ngozi tana hura wuta tana kwaikwayona. Ta sa masa suna mijinta na biyu, ta ce ya fi na farin daɗin zama, tunda ba ya magana sai an ja zare. A lokacin na daina sa kujera a bayan ƙofa.

Ana saura 'yan kwanaki mu gama karatu, wani ɗan garinsu ya rasu, Benedi ya bi motar da ta ɗauki gawar zuwa ƙasarsu ta kudu. Da asuba suka tashi, ba kowa ya sani ba, kuma ya daɗe fiye da yadda aka zata. Har masu zuwa shagon suka fara tambaya, ina Benedi ya shiga? Kafin ya tafi ya ce in shafa wa cikin bakin ja da kaina. Ban sami fenti ba, sai na sayi jar galura ta rini, na dama da ruwa da ɗan koko, na shafa mai yawa.

Ranar koyarwa ta zo. A nan ne na yi tunani irin namu. Na ce ni ɗan Musulmi, jikan malamai, in ratsa gari da mutum-mutumi a hannu? Jos cike take da dillalan shanu daga ƙasarmu, in wani ya gan ni, labari zai riga ni isa Damagaram. Sai na ɗauko farin yadin Inna na naɗe shi tsaf, na ƙulle sama, na ƙulle ƙasa, yadda hannuna ya saba ƙulle farin yadi a gidan rasuwa. Ban ma lura ba.

Ina isa Tina Janshin ruwa ya sauko. Na tsaya jiran mota, na rungume ƙunshina. Wata mai gasa masara ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ja tirenta baya. Na sunkuya. Galura ta jiƙe, ta ratso farin yadin, tana ɗiga ja wur a kan wandona. Wani ɗan kamasho ya matso ya ce, "Oga, mene ne a ciki?" Da na ce masa kayan makaranta ne, na kwance da hannuna, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Amma maganar Alhaji mai shanu ta faɗo mini. Na ƙara ƙanƙame shi na ce, "Ba komai." Ya ji Hausata ba ta nan ba ce. Ya fizge.

Kan ya faɗi a kwalta ya gangara, haɓa ta buɗe, jan harshe ya zazzago. Sai mai masarar nan ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Kan Benedi! Ya kashe Benedi!"

Ban san daga inda mutane suka fito ba. Kafin in buɗe baki an shaƙe mini wuyan riga, wani ya share ni da mari, na faɗi a taɓo. Na kusa suka duba suka ce, "Ai icce ne." Na ce alhamdu lillahi. Sai wani ya ce, "Icce ne mana! Kurwarsa ya ɗaure a ciki, shi ya sa mutumin ya ɓace. Ku dubi tabon!" Na baya kuwa ba su ga komai ba, ihu kawai suka ji, su ne suka fi zafi. Ina jin Hausa, ina jin Ibo, ina jin harsunan da ban sani ba, duk abu ɗaya suke faɗa. Na ga ƙafafu sun kewaye ni, na ga hannu yana ɗaukar dutse. Na so in yi kalmar shahada, harshena ya ƙi juyawa. Abin da ya zo mini kawai shi ne Inna da rariyarta, da yadda za a je a gaya mata cewa ɗanta ne aka kashe a matsayin mai yankan kai.

Sai na ji wata murya tana zagi, tana dukan mutane da ludayi. Mama Ngozi ce, ta baro tukunyarta a kan wuta. Ta ratso ta tsaya a kaina, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Ta ce, "Mijina tana da rai! Ta tafi gida kai gawa!" Aka ce, "Ina shaida?" Wani ya ce, "Ki matsa, ya rufe miki baki da magani!" Ta ce ba za ta matsa ba. Dutsen da aka jefo daga baya ni aka nufa, amma ita ya samu, a gira. Na ga jini na gaske yana bin fuskarta, ya fi galura duhu.

Ko shafawa ba ta yi ba. Ta sunkuya ta ɗauki kan, ta danna mini a ƙirji, ta ce, "Malam, tashi. Yi karatu."

Na ce, "Mama..."

Ta ce, "Yi karatu, na ce! Yadda kike yi da safe!"

Na miƙe. Na ɗaga kan sama, na tura harshen gaba. Murya ta ƙi fita. Ita ce ta ja wasalin da ƙarfi, "Iiii!" Na bi ta. Na ja harshen baya, muka yi na biyu tare. Na ce da wata murya da ban san tawa ce ba, "Ni malamin makaranta ne. Wannan harshe ne. In ya zo gaba, ga abin da ke fita. In ya koma baya, ga shi." Ba wanda ya ajiye dutse, amma ba wanda ya jefa. Mama Ngozi ta warci ayaba daga tiren wata mai talla ta ɗaga. Na kama zaren. Na ce, "ba," a hankali, sannan na ja, bakin Benedi ya wangame, "NA," na saki, "na."

Sai wata tsohuwa mai sayar da tumatir ta ce, "Wallahi haka yake buɗe baki in an taya akwatinsa da arha!" Wani ya tuntsire da dariya, wani ya kama. Aka ce in sake. Na sake. Wata Bafillatana mai tallan nono ta matso tana leƙa cikin bakin, tana taɓa nata maƙogwaron. Na ji ana ta "baNAna, baNAna" a cikin ruwan sama, na ji duwatsu suna faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A hankali kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Ɗan kamashon da ya fara fizge ƙunshin shi ne ya samo mini kujerar gaba a mota, har yana kaɗe mini taɓo.

Na koyar ranar da yagaggiyar riga. Mista Pam ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi darasin babu tsoron yara kamar ni ba. Ban gaya masa inda na yi gwaji ba sai daga baya.

Da yamma na iske Mama Ngozi a bakin murhu, ta ɗaure goshi da kallabi, idon ya kumbura. Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Mama, da sun kashe ki fa?" Ta daɗe tana juya miya. Sannan ta ce ba yau ta fara ganin irin taron nan ba. Kafin yaƙin basasa, a garin nan, ta taɓa gudu da 'yarta Ngozi a goye, mutane na bin su. Wata Bahaushiya mai dakan fura ta jawo ta cikin zaure, ta yafa mata mayafinta, ta tsaya a ƙofa ta ce ƙanwarta ce. Bayan yaƙi da suka dawo ta nemi gidan, ta iske waɗansu ne a ciki. Ta ce, "Ko sunanta ban sani ba, Malam. Ban tambaya ba." Ta zuba mini teba, ta ce in ci tun da zafi.

Benedi ya dawo kafin in tashi. Da aka ba shi labari ya fara dariya, da ya ga goshin matarsa dariyar ta tsaya. Ya ɗauki kan ya wanke galurar, ya shafa fentin gaske. Ranar tafiya na ɗauko yadi zan naɗe, Mama Ngozi ta buge mini hannu. Ta ce, "Kar ki rufe. Ki ɗora a cinya kowa ya gani."

Haka na yi. Daga Jos har Kano, daga Kano har Daura, rabin kan Benedi yana bisa cinyata yana kallon hanya. Duk shingen da aka tsayar da mu sai na ja zare na yi karatu. Wata mata ta ƙi zama kusa da ni, wani soja kuwa sai da ya sa na maimaita don abokinsa ya gani. A Kwangwalam na iske mai gashin bakin nan. Ya sako Ingilishinsa, na mayar masa, ya ce, "A'a! Yau na ji rabi." Dillalan ƙasarmu kuwa sun gan ni, labari ya riga ni isowa, shi ne wanda Lawali yake yawo da shi.

Inna tana tsakar gida na yi sallama. Ba ta amsa ba sai da ta kama kaina da hannu biyu, ta shafa ƙeya, ta shafa wuya. Da ta ga abin da ke hammatata ta ce ba za a shigar mata da wannan cikin gida ba, na bar shi a zaure. Bayan na ci tuwo na ba ta labari duka, ban rage ba, har da mahauci, har da dutse, har da mai dakan fura.

Ta ce, "Matar nan, yaya sunanta?"

Na ce, "Mama Ngozi ake ce mata."

Ta ce, "Gwazi?"

Na ce, "A'a, Inna. Farkon ta hanci yake fita, bayan harshe ya tashi ya taɓa sama."

Ta gwada, ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Sai ta ce, "Je ka ɗauko abin nan naka." Na shigo da shi daga zaure, na ajiye a kan tabarmarta, na ɗaga bayan harshen na nuna mata. Ta sunkuya tana leƙawa, tana motsa baki, tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba. Ta yi ta yi, iyakar abin da ta samu shi ne "Ingozi." Na ce da saura kaɗan. Ta ce, "Bar shi haka. Wanda zan gaya wa ya san ta."

Ɗakina da nata katanga ɗaya ce. Kullum bayan sallar asuba ina jin ta tana jero mutanenta, na raye da na ƙasa, tana roƙa musu. Tsakanin sunan mahaifina da nawa, yanzu akwai Ingozi.